Ƙofar Ɗakin Yaya

Ban gama ɗaga ƙofar shago ba wayata ta yi ƙara. Malama ce, 'yar yayana. Koyarwa take yi a firamare, shi ya sa kowa ke ce mata Malama, har ni da na sha ɗora ta a wuya tana ja mini kunne.

"Baffa, ya sake buɗewa."

"Yana ina yanzu?"

"Mai faci ne ya rako shi gida. A bakin babban titi ya gan shi, ko takalmi babu."

Na ce mata ga ni nan. Na tsaya riƙe da ƙofar shagon, rabi a sama rabi a ƙasa, sai na ji ina murmushi. Abin kunya ne, amma haka aka yi. Makullin da na sa wa ɗakin Yaya ba na wasa ba ne. Na sa irinsa a kantin magani, na sa a ofishin lauya, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi. Ga tsohon da ba zai iya gaya maka ko ya karya kumallo ba, ya buɗe shi kamar marfin tukunya.

Yaya ne ya koya mini aikin makulli. Ina ƙarami mahaifinmu ya rasu, shi ya ja ni shagonsa, ya ba ni magagari da buhun tsofaffin 'yan makullai, ya ce in goge haƙoransu har in san bambancin na kirki da na banza da yatsa, ido rufe. Rabin abin da na sani da baki ya koya mini, rabin kuma da ranƙwashi. A benci ɗaya muka tsufa. Da aka zo faɗaɗa hanya aka rushe shagon, shi ya ce ya gaji, ya koma gida, ni kuma na kama wannan ɗan akurkin tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. Ina kwana a ɗakin da ke bayansa. Matata ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma ban sake neman wata ba, don ba ni da bakin zance.

Sana'armu ba ta tara wa mutum jama'a. Ba mai kiran mai makulli yana cikin farin ciki. Za ka tarar da mutum a ƙofar gidansa ya cika ya yi fam, ya tsaya a kanka yana duba agogo, kai ka ce kai ka jefa masa ɗan makullin a kwata. Ƙofa na buɗewa ya shige, ya miƙo maka hakkinka ta gefen ƙyaure, ya mayar ya rufe. Na san ƙofofin rabin unguwar nan kamar tafin hannuna, amma ɗakunan da na taɓa zama a cikinsu ba su da yawa. Mutum ɗaya ne in na je wurinsa ba sai na faɗi abin da ya kawo ni ba, shi ne Yaya.

Sai mantuwa ta kama shi. Da farko sunayen jikoki ne suka zube, sannan hanyar gida, sannan fuskoki. Tawa na cikin waɗanda suka riga tafiya. Abu ɗaya ya maƙale masa: da ya farka sai ya ce ya makara, mutane na jiransa a shago. Ya kama hanya tiryan-tiryan zuwa inda tsohon shagonmu yake, wurin da yanzu kwalta ce shimfiɗe, manyan motoci na wucewa a guje. Ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa kuskuren kawo shi sabon shagona ba. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, ko da yake na san ba laifinsa ba ne.

Mijin Malama direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana gida ba, don haka ta dawo gidan ubanta da zama. Amma dole ta je makaranta, dole kuma ta runtsa. Ita ta roƙe ni in sa wa ɗakin makulli. Kwaɗo ta ce, ta waje, a wuce wurin.

A nan gizo yake saƙar. Cikin dokokin Yaya akwai wadda ya fi tsananta mini a kai: ɗakin da mutum ke kwana, ba a sa masa abin da ba shi da kafar zura ɗan makulli ta ciki. Kwaɗo na shago ne da akwati da ɗakin ajiya. Tun yana saurayi aka taɓa kiransa ya fasa wani ɗaki bayan gobara, ya tarar da kwaɗo rataye ta waje. Bai taɓa gaya mini abin da ya gani ciki ba, amma na ga ya kori masu kuɗi daga shagonmu a kan wannan magana. Shi ya sa na sa wa ƙofarsa makullin jikin ƙyaure mai kafa ciki da waje, na ba Malama ɗan makulli ɗaya, na ba matar tela da ke haya a gidan ɗaya. Ga wani mutum, kafa ba ɗan makulli daidai take da kwaɗo. Ga Yaya kuwa, in ka bar masa kafa ka bar masa ƙofa a buɗe, kuma na san haka tun ranar farko.

Na same shi zaune a bakin gado, ƙafafunsa cikin roba, Malama na wanke masa su da ruwan ɗumi.

"Sannu, Yaya."

"Yawwa, Malam. Kai ne mai gyaran?"

"Ni ne."

Na durƙusa na fara kwance makullin. A ƙasa na tsinci abin da ya yi aikin da shi, ƙarfen lema ne ya lanƙwasa bakinsa da haƙori. Ina jin idonsa a bayan wuyana, yadda na saba ji tun ina yaro.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni na ɗaura."

"Ka matse shi da yawa. Harshen makullin yana gogar ƙarfe, tun daga gado nake jin kukansa. Miƙo nan."

Na miƙa masa. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, da ya riƙe makullin sai ya tsaya cak. Ya juya shi, ya kai kunne, ya gaya mini wane sifirin ne ya yi laushi, kuma gaskiyarsa. Ya yi mini bayanin yadda ake jin 'yan ƙarafan ciki suna zama ɗaya bayan ɗaya, da irin kalmomin da ya faɗa mini su ina da gashi baƙi. Na saurara kamar ban taɓa ji ba.

"Wai wa ya koya maka aiki?"

"Wani yayana."

"Yana raye?"

"Yana nan."

"To ka gaya masa na ce ya yi asarar ranƙwashinsa."

Malama ta ƙyalƙyale da dariya har ruwan robar ya fantsama, sannan ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Ni kuwa na ja aikin nan iya ja. Abin da zan gama kafin shayi ya huce, sai da rana ta ɗaga ina kansa. Da na ɗaura sabon makullin na tattara kaya, hasken da ke idonsa ya ɗauke, ya dubi 'yarsa ya tambaye ta ko ita ce sabuwar mai aikin.

Haka muka yi ta yi. In kawo wanda ya fi na baya, ya kwana biyu ko uku, ya buɗe. Malama ta kwashe duk wani ƙarfe daga ɗakin: cokali, lema, maratayin kaya, har ɗan ƙarfen da ake ɗora maganin sauro. Ya zare waya daga cikin katifa ya buɗe. Ta sauya katifar da ta soso. Duk safiyar da waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, amma ƙarƙashin faɗuwar gaban akwai wani ɗan daɗi da ba zan iya gaya wa kowa ba. A ranar zan je, zai zage ni, zai koya mini aiki, zan yi hira da yayana. Ranakun da makulli ya riƙe kuwa, in na je gaishe shi, sai ya amsa mini kamar mai karatun mita, ya juya fuska bango. In dawo shago in zauna ina sauraron almakashin mai aski har magariba.

Ranar da abin ya ƙare, ba "ya sake buɗewa" Malama ta ce ba. Kuka kawai take yi. Babur ne ya buge shi a gefen babban titin, Allah ya taƙaita, goshi ne ya fashe da gwiwar hannu. Kafin in iso an ɗinke shi an dawo da shi. Ƙafar tabaransa ya karya ya buɗe ƙofar da ita, guntun ya maƙale a cikin kafar, makullin ya tashi daga aiki.

Ina tsaye a tsakar gida ta miƙo mini waya. Wanta ne, babban ɗan Yaya, wanda muke ce wa Injiniya. Garin da yake aiki, sai mota ta wuni ta kwana kafin ta kai.

"Baffa, ina kwana. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba raini ba ne."

"Faɗi, ɗana."

"Kai da Baba kamar gasa kuke yi. Kai ka kawo, shi ya buɗe. Yau babur ne, gobe fa? An ce a sa kwaɗo ka ƙi, an ce a kira mai walda ka ce ba a isa ba. Ni ina da ɗaki a sama, akwai mai gadi a ƙofa, zan ɗauki mai kula da shi. Gara in zo in tafi da shi."

Na so in yi masa faɗa, in tuna masa wanda ya wanke masa kashi. Amma ba inda ya yi ƙarya. Na kuma san in motar nan ta tafi da Yaya, sai dai a kira ni a waya wata rana a ce in yi haƙuri. Ba ni da ƙarfin wannan tafiyar, ba ni da wanda zan bar wa shago, kuma ko na je, baƙo zan zama a falon mutane.

"Ka ba ni yau," na ce. "Akwai wani irin makulli da ya fito bayan ya bar aiki. Ɗan makullinsa ba haƙora gare shi ba, ɗigo-ɗigo ne a jiki. Bai taɓa ganin cikinsa ba."

"Shi ma yana da kafar ta ciki?"

"Yana da ita."

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. "Baffa, wannan ne na ƙarshe. In ya buɗe shi, ba sauran magana, zan zo."

Malama tana da jarrabawar yara, ba halin ta zauna. Ni kuma dole in haye gada zuwa wurin dilan da ke kawo irin wannan makulli, kuma ba zan bar ƙyaure da rami ba. Na laluba gindin jaka na zaro wani ɗan arha da na ciro daga ƙofar ɗakin girkin wasu mutane, gwangwani ne kawai aka lanƙwasa, irin wanda yara ke buɗewa da ƙusa. Na ce a raina ai ɗakin ba ko allura, tabarau ya karye, an kuma ba shi maganin da ke sa barci. Zai riƙe kafin in je in dawo.

Ina ɗaurawa Yaya ya sauko daga gado da bandeji a goshi, ya tsuguna kusa da jakata yana kallo. Na jira zagi. Wannan makullin ya cancanci zagi fiye da duk waɗanda na taɓa kawowa, ni kaina kunyarsa nake ji. Bai ce uffan ba. Na ɗauka ciwon ne, na kama shi na mayar da shi gado, na kulle, na gaya wa matar tela ta riƙa sa kunne.

Dilan nan mutum ne mai surutu kamar rediyo. Sai da ya ba ni labarin ciwon bayansa da na surukarsa kafin ya shiga ɗakin ajiya, ya daɗe yana ture kwalaye, ya fito da makullin cikin kwalinsa. Abu mai nauyi, sumul, ko sauti ba ya yi. Ni kuma ina da al'ada, ba na sayen makulli sai na gwada shi da hannuna. Akwai wata 'yar waya mai lanƙwasa a baki da muke ce wa ƙugiya, ni na goge tawa da magagari har ta dace da yatsuna, kullum tana cikin aljihun gefen jaka. Na sa hannu, ba ta nan. Na zazzage jakar a kan teburin mutumin, filaya da guduma da sukudireba suka watse. Sai na tuna Yaya tsugune kusa da jakar, shiru.

Mai makulli mafi gwaninta da na sani yana ɗaki da ƙugiya ta gaske, tsakaninsa da titi gwangwani ne.

Na kira matar tela, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta Malama a kashe, tana aji. Na cusa kaya a jaka, na rungumi kwalin, na fita ba ko sallama. A kan gada motoci suka cushe, na sauka na kama tafiya da ƙafa, ina rabin gudu, gwiwoyina na tuna mini shekaruna. Ban nufi gidan Yaya ba, me zan je yi a can? Babban titi na nufa kai tsaye.

Rabona da tsayawa a wurin tun ranar da aka rushe shagon, kullum kewayewa nake yi. Na tsaya a bakin kwalta ina haki, ina duba kowane farin kai. Ba alamar an taɓa yin shago a nan. Inda bencinmu yake, farin layi ne aka ja. Inda injin yanka makulli yake, wata tankar mai ce ta bi ta kai ina kallo. Na duba kwaltar ko zan ga jini ko takalmi, na duba inda mutane suka taru, ashe mai sayar da magani ne. Na tsallaka wurin mai faci.

"Yau dai tun na safen nan ban sake ganinsa ba, Baba," ya ce. "Da na gan shi ai da na riƙe shi."

Na bi layin da yake bi, ina leƙa kowane lungu da kowace kwata, har na iso gida ba tare da na yi niyya ba. Matar tela na tsakar gida tana wanki, hannu duk kumfa, wayarta can kan taga.

"Ya fita ta ina?" na ce.

"Wa? Baba? Ai bai fita ba. Yana ciki. Tun ɗazu dai nake jin ƙwas-ƙwas a jikin ƙofar."

Na ƙarasa a hankali. Ƙofar na rufe yadda na bar ta. Na kai kunne jikin ƙyauren.

Na san sautin aikin Yaya kamar yadda na san tarinsa. Taɓawa biyu ko uku ne, a hankali, sai ɗan shiru, sai ka ji harshe ya ja baya. Abin da na ji yanzu daban ne. Ƙarfe ne ke karce ƙarfe, ya shiga ya fita, ya zame ya bugi katako, ya dawo ya sake karcewa, kamar ɓera a cikin kwali. Hannun da ke bayan ƙofar nan bai san abin da yake nema ba.

Na zame na zauna a ƙasa, kwalin sabon makullin a kan cinyata. Shi ke nan, an gama. Ba sai na ɗaura shi ba. Injiniya ba zai zo ba, Malama za ta yi barci, Yaya zai zauna a ɗakinsa, tafiyar ƙafa kaɗan daga shagona, har ranar da Allah ya yi. Abin da na roƙa ke nan tun safe, kuma an ba ni. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zaman ba, ko ranar da na dawo daga binne matata.

Karcewar ta tsaya.

"Akwai mutum a nan?"

"Akwai," na ce.

"Bawan Allah, ka taimake ni. An rufe ni, kuma abin nan ya ƙi. Ina da ƙane mai aikin makulli, shagonmu na bakin hanya, kowa ya san shi. Ka je ka ce yayansa na kira. Ba ƙofar da ke gagarar yaron nan, hannunsa ya fi nawa. Kada dai ka gaya masa na faɗa, kansa zai kumbura."

Shekara da shekaru muna benci ɗaya, bai taɓa ce mini ko "ba laifi" ba.

Matar tela ta matso tana goge hannu a zane, ta miƙo mini ɗan makullin da ke wurinta. Nawa ma na cikin aljihu. Na girgiza mata kai. Na tashi na ɗauki jakata, na fita har ƙofar gida, na tsaya ina kallon wata akuya na cin takarda, na share fuskata da hula. Sannan na dawo da sauri ina karkaɗa jakar don ƙarafan su yi ƙara, yadda nake shigowa shago da can in an aike ni na daɗe.

"Yaya, ga ni."

"Auta? Kai ne?"

Auta. Tun da mantuwar nan ta fara ban sake jin sunan ba, kuma duk duniya ba sauran mai kirana da shi.

"Ni ne, Yaya."

"Ina ka shiga tun ɗazu? Ka tsaya kallon 'yan ƙwallo ko?"

"Aiki ne ya riƙe ni."

"Aiki. Kai dai ka faɗi gaskiya. Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake, daga muryarka na ji. In mun fita ka sayi burodi. To buɗe, amma a hankali, kada ka ɓata wa mutane ƙofa."

"Zare wayar ta wajenka tukuna."

Na ji ya zare. Na durƙusa, na ɗauko wata waya a jaka na lanƙwasa, na zura. Makullin nan ko tari ka yi masa da ƙarfi zai buɗe. Taɓawar farko na ji harshen ya fara motsi, sai na sake shi ya koma. Na sake taɓawa, na sake saki. Muddin ƙyauren nan na tsakaninmu, ina da yaya, shi kuma yana da ƙane.

"Ya yi tauri ne?"

"Ya ɗan yi, Yaya."

"Kada ka yi masa ƙarfi. Saurara masa. Kullum ina gaya maka, gaggawarka ce matsalarka."

"Ina saurare."

Ya ba ni labarin wata mata da ta kawo akwati jiya, wai ta ce a buɗe amma kada a kalli ciki. Matar nan ta fi shekara talatin da rasuwa. Na tuna ta, na tuna akwatin, muka yi dariya tare, shi ta ciki ni ta waje. Ya tambaye ni ko na rufe injin da buhu saboda ruwa, na ce na rufe. Matar tela ta koma wurin wankinta, amma ban ji motsin ruwa ba.

Sai muryarsa ta sauya, ta yi ƙasa.

"Auta, yi sauri mana. Ba na son rufaffen ɗaki."

Na murɗa. Harshen ya ja baya, ƙyauren ya buɗe.

Yana tsaye dab da ƙofar, bandejin ya karkace, ƙugiyata a hannunsa ya riƙe ta ta baki, gindin ne yake ta turawa. Ya dube ni a durƙushe, tsoho mai furfura da jaka. Ya ɗaga kai ya duba bayana, ya duba tsakar gida, ya leƙa wajen ƙofar gida.

"Malam, sannu da aiki. Ba ka ga wani saurayi a nan ba? Yanzun nan nake magana da shi."

Na dafa bango na miƙe.

"Ya je sayen burodi," na ce. "Ya ce a jira shi."

"Haka yake, ba ya zama wuri ɗaya." Ya koma ya zauna a bakin gado, ya matsa gefe, ya buga katifar da tafin hannu. "Shigo ka zauna mana, kada ka tsaya a rana. Yanzu za ka gan shi."

Na shiga na zauna kusa da shi, na ajiye jakar tsakanin ƙafafuna. Muka zuba wa ƙofar ido, muna jira.